Apple TV 4K ta 2022: Shin Na'urar da Rimot Ɗinta Sun Kai Dala 129?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan unguwar Bronx ta birnin Niyok. Abin da kuke gani a kan teburin nan shi ne na'urar Apple TV 4K samfurin 2022, a gefenta akwai samfurin 2017, sannan ga rimot guda biyu, baƙi da mai ruwan azurfa, waɗanda a kansu ne mafi yawan bayanina zai tsaya. Tambayar da 'yan'uwa mazauna Amurka da Ingila suke yawan aiko mini ita ce ko ya dace mai tsohuwar na'ura ya sake ta, da kuma ko wanda bai taɓa saye ba zai ci ribar zuba wannan kuɗi alhali kasuwa cike take da masu araha.

Ga wanda bai san ta ba, wannan ba dikoda ba ce irin wadda muka saba haɗawa da dish a gida. Ba ta zuwa da tasha ko ɗaya. Ana jona ta da talabijin ta wayar HDMI, a haɗa ta da intanet, sannan a sauke manhajoji irin su YouTube da Netflix da Prime Video, kuma duk wadda ake biya wa kuɗin wata sai an biya ta daban. Ina nanata wannan ne domin na ga mutanen da suka ɗauka cewa da zarar sun sayi na'urar shi ke nan sun mallaki finafinan kamfanin Apple, alhali wannan wani ciniki ne dabam wanda ya fara da sunan Apple TV+ a kan dala 4.99 a wata a 2019, ya kai dala 9.99 a 2023, kuma manhajarsa tana nan a talabijin na Samsung da LG da na'urorin Roku da Fire TV ba tare da an sayi wannan akwati ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin na'urar, domin ba zai ɗauke mu lokaci ba. Samfurin 2015, wanda ba ya nuna 4K, wato hoto mai tsananin tsabta, yana ɗauke da ƙwaƙwalwar A8 irin ta iPhone 6. Na 2017 ya zo da A10X, na 2021 ya zo da A12, na 2022 kuma aka saka masa A15, wato dangin wadda ke cikin iPhone 13. An cire fankar da ke sanyaya na baya, don haka ya fi su ƙanƙanta da rashin nauyi, kamar yadda kuke gani idan na jera su. A takarda wannan ci gaba ne babba, amma a gaban talabijin abin da idonka zai shaida kaɗan ne: manhaja tana buɗewa da ɗan sauri, komawa daga wannan zuwa waccan ya fi santsi. Idan fim ya riga ya fara, hoton da na 2017 ke bayarwa da wanda na 2022 ke bayarwa da wuya ka bambance su, tun da dukansu suna nuna 4K da Dolby Vision, wato wani tsari na ƙara wa hoto haske da launi. Waɗanda za su ga bambanci na gaske su ne masu talabijin na Samsung, saboda Samsung ba ya amfani da Dolby Vision, tsarin HDR10+ yake bi, kuma sai a samfurin 2022 ne Apple ya ƙara shi. Idan talabijin ɗinka LG ne ko Sony, wannan ƙarin bai shafe ka ba.

Yanzu ga rimot, wanda a ganina shi ne ainihin labarin. Wannan baƙin da ke hannuna na dama shi ne wanda kamfanin ya fito da shi a 2015. Ku duba shi da kyau: siriri ne ƙwarai, samansa gilashi ne da ake shafawa da babban yatsa, kuma samansa da ƙasansa kusan kama ɗaya suke, ta yadda a cikin duhu mutum ba ya gane ta ina ya riƙe shi sai ya lalubo maɓallan. Ƙorafin da masu sharhi da masu saye suka shafe shekaru suna yi a kansa sananne ne. Da zarar yatsa ya goga gilashin bisa kuskure sai fim ya tsaya ko ya zarce, ba shi da maɓallin kashe sauti, ba shi da na kunnawa da kashewa, sirantarsa tana sa ya sulale tsakanin kushin kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu, kuma gilashi ne, idan ya faɗi a kan tayil yana iya tsagewa. Gyaran da aka yi masa a 2017 bai wuce farin zobe da aka zagaye maɓallin Menu da shi ba, domin yatsa ya riƙa gane sama da ƙasa.

Wannan na hannun hagu kuwa ya fara fitowa ne a watan Mayun 2021. An ƙera shi da alminiyam, ya fi wancan kauri da nauyi, kuma wannan nauyin alheri ne, domin yana zama a tafin hannu. A samansa akwai da'ira wadda ake dannawa sama da ƙasa da hagu da dama kamar kowane rimot da iyayenmu suka sani, kuma har yanzu tana karɓar shafa ga mai son hakan. Wanda ba ya son shafar gaba ɗaya yana iya shiga saiti ya kashe ta, ya bar dannawa kaɗai, kuma ina ba duk mai dattijo ko ƙananan yara a gida shawarar ya yi hakan tun ranar farko. Idan ka tsayar da fim ka ɗora yatsa a bakin da'irar ka riƙa zagayawa, za ka matsa gaba ko baya daidai inda kake so, abin da ke da amfani sosai ga mai bin dogon karatu ko tafsiri na sa'a biyu yana neman wurin da ya tsaya jiya. An ƙara maɓallin kashe sauti, wanda duk gidan da ake katse kallo saboda sallah ko sallamar baƙo ya san darajarsa, an ƙara na kunnawa da kashewa wanda ke kashe talabijin ɗin tare da na'urar, an kuma mayar da maɓallin Siri, wato manhajar Apple da ake yi wa magana da baki, gefe kamar yadda yake a waya. Bambancin rimot na 2021 da na 2022 guda ɗaya ne tak, wato ramin caji, wanda ya tashi daga Lightning ya koma USB-C, kuma caji ɗaya yana kai watanni.

Duk da haka ban ce ya cika goma ba. Maɓallansa ba sa haske a duhu, kuma ba a saka masa lasifikar da zai yi ƙara idan ya ɓace ba, alhali Roku Ultra da Google TV Streamer na 2024, waɗanda kowannensu ya fito a kan dala 99.99, suna da wannan lasifikar. Abin da Apple ya yi a 2023 shi ne ya ba iPhone damar nuna maka ko kana kusa da rimot ɗin ko kana nesa, dabarar da ke aiki amma ba ta kai sauƙin jin ƙara daga ƙarƙashin kujera ba. An kuma cire na'urorin gane motsi da tsohon yake da su, don haka wasu wasannin da ake juya rimot a yi su sun daina aiki da shi, ko da yake mai wasa da gaske zai haɗa abin riƙon PlayStation ko na Xbox ne. Sannan akwai batun da ya shafe mu kai tsaye: Siri ba ta jin Hausa. Idan za ka nemi shirin Kannywood ko sunan wani malami a YouTube, magana da rimot ba za ta fisshe ka ba, sai dai ka rubuta, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka yi rubutun a iPhone ɗinka, wadda ke fito maka da allon rubutu da kanta idan ka shiga wurin bincike a talabijin.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ana sayar da rimot ɗin shi kaɗai a kan dala 59, kuma yana aiki da na'urar 2015 da ta 2017. A shekarar 2021, lokacin da sabuwar na'ura take dala 179 mai gigabait 32 da dala 199 mai gigabait 64, lissafin a fili yake: ka sayi rimot, ka riƙe tsohuwar na'urarka, ka adana dala 120. Amma a 2022 kamfanin ya sauke farashi zuwa dala 129 mai gigabait 64 da dala 149 mai gigabait 128, sai lissafin ya sauya, domin idan ka cire kuɗin rimot, na'urar kanta ta tsaya a dala 70 ke nan. Saboda haka mai samfurin 2015 wanda ya riga ya sayi talabijin mai 4K, ba ni da shakka cewa ya kamata ya sake gaba ɗaya. Mai samfurin 2017 wanda kallo kawai yake yi, rimot ya ishe shi, kuma zai ji kamar sabuwar na'ura ya saya, tun da abin da hannu ke taɓawa kullum shi ne ya canza. Mai samfurin 2021 kuwa ya riƙe kuɗinsa, sai fa idan Samsung gare shi kuma yana da idon da ke damuwa da irin wannan bambancin.

Game da zaɓi tsakanin dala 129 da dala 149, kada girman ma'ajiya ya ruɗe ku. Ba a ajiye finafinai a cikin wannan na'ura, daga intanet suke zuwa kai tsaye, don haka gigabait 64 ya yi wa kusan kowa yawa. Abin da dala 20 ɗin ke saya maka a zahiri shi ne ramin wayar intanet, wanda babu shi a mai arahar. A dogayen gidajen haya irin namu na nan, inda kowane ɗaki yake da Wi-Fi ɗinsa suna gogayya da juna ta bango, jona waya kai tsaye yana kawar da tsaitsayawar hoto fiye da duk wata sabuwar ƙwaƙwalwa. Idan akwatin intanet ɗinka yana kusa da talabijin, ka ƙara kuɗin. Ku kuma tuna cewa farashin nan bai haɗa da harajin saye na jiha ba, kuma babu wayar HDMI a cikin kwalin, haka ma babu wayar cajin rimot a samfurin 2022.

Sai babbar tambaya, wato me ya sa mutum zai biya dala 129 alhali Fire TV Stick 4K, ƙaramin sandan kallo na kamfanin Amazon, ya fito a kan dala 49.99, kuma a rangwamen ƙarshen Nuwamba yakan sauko ƙasa da haka sosai. Gaskiya ita ce idan abin da ake kallo a gidanka shi ne shirye-shiryen Hausa masu dogon zango a YouTube, da labaran BBC Hausa, da wa'azi, da zanen yara, to mafi yawansu ba a 4K aka ɗora su ba, kuma ƙaramin sandan nan zai nuna maka su daidai yadda mai tsadar zai nuna. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a nan adon da ake rasawa iri biyu ne. Na farko shi ne tsabtar allo, domin shafin farko na Fire TV da na Roku yana ɗauke da tallace-tallace, rimot ɗinsu ma yana da maɓallan kamfanonin finafinai ko kana biyansu ko ba ka biya, yayin da shafin farko na Apple TV manhajojinka ne a jere, ko da yake shi ma yana tallata nasa finafinan a cikin manhajarsa. Mai yara ƙanana ya san cewa hoton da ke bayyana da zarar an kunna talabijin ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu shi ne daɗewa, domin samfurin 2015 ya samu sabuntawar tsarin aikinsa, wato tvOS 18, a 2024, shekara tara bayan fitowarsa. Akwai kuma abin da masu aikin dare za su yaba, wato mutum biyu su saka AirPods, abin sauraro na kunne na Apple, su yi kallo tare ba tare da sun tashi masu barci ba. Amma ku lura cewa yawancin wannan daɗin yana ga gidan da ke riƙe da iPhone ne. Gidan da kowa Android gare shi ya biya kuɗin abubuwan da ba zai taɓa mora ba.

Wannan ne ya sa ba na goyon bayan a saye ta a matsayin tsaraba zuwa Kano ko Maraɗi ko Kumasi, sai dai idan an san gidan sosai. Wutar ba matsala ba ce, domin na'urar tana karɓar bolt 100 zuwa 240, bakin filogi kawai za a sauya. Matsalar ita ce data, tun da Netflix da kansa ya ce kallon 4K yana iya cin gigabait 7 a sa'a ɗaya, kuma mafi yawan 'yan'uwanmu Tecno da Infinix da Itel suke riƙewa, waɗanda ba sa tura hoto zuwa talabijin ta AirPlay, wato hanyar da na'urorin Apple ke bi. Ko kiran bidiyo na FaceTime a babban allo, wanda aka ƙara a 2023 ga samfurin 2021 zuwa sama kuma yake aron kyamarar iPhone, amfaninsa a wurinmu ragagge ne, saboda gaisuwar gida ta WhatsApp ake yin ta, ita kuwa babu ta a wannan na'ura. Ga irin wannan gida, na'ura mai tsarin Google wadda ke karɓar hoto daga wayar Android ta fi dacewa, ragowar kuɗin kuma a zuba musu data.

Ga wanda ya yanke shawarar sayen rimot kaɗai, musamman na hannu a intanet, ya dubi ƙasansa kafin ya biya, domin na 2021 da na 2022 kamanninsu ɗaya ne sak, ramin cajin ne kawai zai gaya maka wanne ne, kuma ga shi ina nuna muku su kusa da kyamara. Idan wayarka iPhone 15 ce ko wadda ta biyo bayanta, ko kuma Android ce ta zamani, ka nemi mai USB-C domin caja ɗaya ta yi muku aiki. Haɗa shi da tsohuwar na'ura ba wuya: ka matso da shi kusa da ita, ka danne maɓallin komawa baya da na ƙara sauti tare na ɗan daƙiƙu, sanarwa za ta fito a allo cewa sun haɗu. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, wassalamu alaikum.