Hadiza ko Khadija: wanne ne daidai?

A gida ɗaya za ka iske kaka na kiran jikarta Hadiza, malamar Islamiyya na kiranta Khadija, ƙawaye kuwa Dije suke ce mata. Idan zancen ya taso a gidan suna, ba a rasa mai cewa Hadiza ɓata suna ne, a daina. To, shin ɓatawa ce?

Mu fara da asali. Sunan Larabawa ne, kuma duk wadda aka raɗa wa shi ta ci sunan Nana Khadija 'yar Khuwailid ne, Allah ya ƙara mata yarda. Attajira ce a Makka, ita ta ɗauki Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kai mata haja Sham tare da yaronta Maisara. Ita ce matarsa ta farko, ita ta fara ba da gaskiya da shi, kuma ita ta haifa masa dukkan 'ya'yansa in ban da Ibrahim. Ta rasu kimanin shekara 3 kafin hijira, a shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki.

Ma'anar sunan ce ke ba mutane mamaki. A Larabci, khadij shi ne jaririn da aka haifa watanninsa ba su cika ba, wato bakwaini. Wasu iyayen idan suka ji haka sai jikinsu ya yi sanyi. Ba abin damuwa ba ne. Babu uban da ya yanka rago ranar bakwai don ma'anar ƙamus; darajar mai sunan ake nema wa yarinya.

Sai batun furuci, inda gardamar take. Harafin farko, wanda ake rubutawa kh, daga maƙogwaro yake fita, kuma Hausa ba ta da shi. Galibi idan Bahaushe ya gamu da shi, h yake mayar da shi. Khamis ta zama Alhamis, khamsin ta zama hamsin, khair ta zama alheri, Khalid ya zama Halidu. Kun taɓa jin wanda ya ce a daina faɗin Alhamis? Ni dai ban taɓa ji ba.

Saura j da ta koma z. Ku saurari waɗannan: kaza, kaji. Maza, miji. A Hausa z da j 'yan gida ɗaya ne, z takan rikiɗe ta zama j idan i ko e ta biyo baya. Yanzu ku faɗi Hadiza, ku faɗi Dije. Kun ji yadda suka hau layi ɗaya? Ita kuma tu ɗin da ke ƙarshen Hadizatu, daga Larabcin take, irin ta A'ishatu da Fatimatu.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Masar, Khadiga suke cewa, don jim ɗinsu g ce. Turkawa na rubuta Hatice, suna furta shi Hatije. A Gini da Mali za ka ji Kadiatou, a Senegal Khady. A Nijar ma, rubutun Faransanci ya sa ana rubuta Hadizatou. Kowa ya lanƙwasa sunan daidai bakinsa.

Akwai ma wadda ba a cika lura da ita ba: Kubura. Laƙabi ne, daga Khadijatul Kubra, wato Khadija babba, har ya tsaya da ƙafarsa ya zama suna. Shi ya sa a gidaje da yawa Kubura da Dije da Hadiza duk takwarori ne. In kuma sunan mahaifiyar maigida aka mayar, to alkunya ta shigo, sai ka ji Ummi ko Mama, ainihin sunan sai a takarda.

A ganina, mai cewa Khadija ya kyauta, musamman a karatu ko wa'azi idan ana ambaton Uwar Muminai. Amma Hadiza ba kuskure ba ce, Hausa ce. Mataimakiyar gwamnan Kaduna tun 2019, Hadiza Balarabe, da wannan sunan aka rantsar da ita.

Inda matsalar gaske take shi ne takarda. Takardar haihuwa ta ce Hadiza, ta firamare ta ce Khadija, ta WAEC ta ce Khadijat, NIN kuma Hadizatu. Ranar da yarinya za ta nemi gurbin jami'a ko fasfo, sai an je kotu an yi rantsuwa cewa duk mutum ɗaya ce. Don haka iyaye, ku zaɓi rubutu ɗaya tun ranar suna, ku rubuta shi a takarda, ku miƙa wa duk ma'aikacin da zai cike mata fom ya kwafa harafi da harafi.