Kamara ba ta ɗaga hannu: laccar wani ma'aikacin talabijin ga matasan Garwa

Assalamu alaikum. Iyayena malamai da ke gaba, ina gaisuwa. Ƙannena na baya, ku matso, makirfon ɗin nan ba shi da ƙarfi.

An ce in yi magana kan aikin ƙaramin furodusa a shirye-shiryen koyarwa na talabijin. To, duk wanda ya zo da tunanin zai zauna a kujera yana ba da umarni, ya ajiye wannan tunanin a bakin ƙofa. Kai ne mai neman malamin da zai koyar, kai ne mai sayo alli, kai ne mai riƙe agogo. Idan malami ya makara, kai za a tambaya. Idan shiri ya yi kyau, sunan wani za a ambata.

Wannan sana'a ta girme mu. Nijar ta fara koyar da yara ta talabijin tun 1964. Kodibuwa ta kafa nata babban shiri a Buwake a 1971, ta rufe shi a 1982, saboda tsada da kuma ƙorafin iyaye da malamai. Mu nan Kamaru talabijin sai 1985 ta iso. Amma yawancinku kun san darasin talabijin ne a 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona, aka koma koya wa masu shirin jarrabawar BEPC (ta kammala ƙaramar sakandare) da bakaloriya (ta kammala babbar sakandare) ta akwatin talabijin. A wannan rikicin ni ma na koyi aikin, a wani ƙaramin ɗakin ɗaukar hoto, ina yaron gida.

Ga abin da na ɗauki watanni kafin in gane. Malami a aji yana karanta fuskokin yara. Idan ya ga an yi tsuru-tsuru, sai ya maimaita. Kamara kuwa ba ta ɗaga hannu, ba ta hamma. Malamin da ya shekara ashirin yana koyarwa sai ka ga ya zuba gudu kamar ana korarsa, ya juya wa kamara ƙeya yana magana da allo. To wa zai tsaya a madadin yaron? Kai ne. Aikinka na gaskiya ke nan: ka zama ɗalibin da ya fi kowa jinkirin fahimta a ajin da babu kowa.

Wata rana muna ɗaukar darasin lissafi, rabin abu da rubu'insa. Malamin, dattijo ne sa'an babana, ya zana wani kek na littafin Faransanci yana yankawa. Na daɗe ina juya maganar a raina, don yaro ba ya gyara wa babba a gaban mutane. Sai da aka tsaya shan ruwa na rusuna kusa da shi na ce, "Malam, a gafarce ni, ƙanwata ba ta taɓa ganin wannan kek ba, amma kullum tana raba rake da yayyenta." Ya dube ni shiru. Can ya ce, "Je ka sayo." Na hau babur na samo kara ɗaya mai gaɓa takwas. Ya sare shi biyu a gaban kamara, ya sake sarewa. Mai ɗaukar hoto ne ya shanye rubu'i ɗaya bayan an gama.

Sai zafi. Kun san Garwa a watan Afrilu. Dole a kashe fanka domin ƙararta na shiga makirfo, fitilu kuma suna gasa mutum. Malami ya jiƙe sharkaf, wuta ta ɗauke a tsakiyar jimla, a dawo a ga rigar ta canza launi, haɗin hoto ya ƙi. Tun daga nan nake roƙon kowane malami ya zo da riga biyu iri ɗaya.

Batun harshe kuma har gobe yana damuna. Darasi da Faransanci, yaron kuwa Hausa ko Fillanci yake ji a gida, kuma babu wanda zai tambaya. Shi ya sa idan mun gama haɗa shiri nakan sa shi a waya, in tara yaran unguwarmu a zaure, ni ba na kallon wayar, su nake kallo. Inda suka fara tsokanar juna, nan nake rubuta mintin, gobe in koma in ce a sake wurin. Shugabana ba ya son ganina da wannan takardar.

Na ga hannu can baya. Bismillah, 'yar'uwa, ɗaga murya.