Amsoshin Tambayoyinku: ɗan China da ɗan Holan

Masu saurare, assalamu alaikum daga nan Tawa. Wasiƙar farko ta wata Hajiya ce mai sayar da zannuwa a babbar kasuwa. Ta ce mata kan ɗauki turmi, su shafa, su yaba, amma da ta ce ɗan China ne sai su ajiye. Shin kayan China duka jabu ne?

Hajiya, Allah ya kawo kasuwa. Ba duka ba ne. Holan ba ta sami sunanta a banza ba: kamfanin Vlisco na garin Helmond yana aiki tun 1846, iyayenmu sun ɗaura, sun wanke, launi bai zuba ba, shi ya sa ake sa shi a akwatin amarya. Amma ɗan kasuwarmu da ya je birnin Guangzhou na China da ɗan jarinsa yakan nemi mai araha, don ya san aljihun mutanensa, masana'anta kuwa ta yi masa daidai kuɗinsa. A China ɗin dai ake harhaɗa akasarin iPhone, kuma Tecno da itel da ke hannunmu na kamfanin Transsion ne na Shenzhen.

Jamus ma an taɓa yi mata wannan kallo. A 1887 Ingila ta kafa dokar rubuta ƙasar asali a jikin kayan waje, don mutanenta su gane na Jamus su guje shi, musamman wuƙaƙen da ake kwaikwayon na garin Sheffield na Ingila. Yau wa zai raina injin Jamus?

Don haka kada ki ɓoye asalin zanenki, Hajiya. Ki jiƙa bakinsa, ki goga da farin ƙyalle a gaban mai saye, ki juya mata bayansa ta ga ko launi ya ratsa. Idonta ya gaya mata.

Sai wani manomi daga Galmi, yana tambayar me ya sa a Abijan da Akara ake kiran albasarsu da suna. Malam, zafinta ne, da yadda take jure ajiya. Wannan suna guminku ne ya saye shi, kuma yana yi mini zafi in ji an ce wani ya cusa ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu ya rufe da mai kyau. Matar da ta buɗe buhun nan a Abijan ba ta san sunansa ba, Nijar za ta ce. Don Allah a riƙa tsincewa kafin a ɗinke buhu.