Fim ɗin Hancock da Saɓanin da Ya Haifar Tsakanin Masu Sharhi da 'Yan Kallo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, 'yan'uwana ɗalibai da sauran mahalarta wannan zama, ina godiya da kuka ba ni aron kunnuwanku. Zan yi magana ne a kan fim ɗaya tak, wato Hancock, wanda kamfanin Columbia ya fitar a Amurka a farkon watan Yulin 2008, Peter Berg ya ba da umarni, Will Smith kuma ya fito a matsayin jarumi tare da Charlize Theron da Jason Bateman. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne ratar da aka samu tsakanin abin da masu sharhin finafinai suka rubuta da abin da 'yan kallo suka nuna da kuɗinsu. An kashe kimanin dala miliyan 150 wajen shirya shi, ya kuma tattaro sama da dala miliyan 620 a faɗin duniya, har ya zo na huɗu a jerin finafinan da suka fi ciniki a shekarar, alhali a ƙididdigar Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tattara ra'ayoyin masu sharhin finafinai, kashi 40 da ɗoriya cikin 100 ne kawai na masu sharhi suka yaba masa.

Mu da muka taso muna raba mutanen fim gida biyu, akta da bos, muna buƙatar mu ɗan tsaya a kan irin wannan jarumi, domin bai zauna daram a kowane gida ba. Hancock yana tashi sama, harsashi ba ya huda shi, ƙarfinsa ya wuce na ɗan Adam, amma farkon ganin da muka yi masa yana kwance ne a kan benci a bakin titi a birnin Los Angeles, ƙasumba ta cika masa fuska, kwalbar giya na kusa da shi, wani ƙaramin yaro yana tashinsa domin ya nuna masa labarin 'yan fashi a talabijin. Ya tashi a buge, ya kama 'yan fashin, amma ɓarnar da ya yi wa tituna da gine-gine ta kai ta miliyoyin daloli. Haka kuma lokacin da ya ceci Ray Embrey, wanda motarsa ta maƙale a kan layin dogo, maimakon ya ɗaga motar ya yi sama da ita sai ya tsaya ƙyam a gaban jirgin ƙasa, taragai suka tarwatse, mutanen da suka taru suka rufe shi da zagi. Ray kaɗai ya ce masa ya gode, kuma da yake sana'arsa ita ce gyara sunan kamfanoni a idon jama'a, sai ya ɗauki alwashin gyara sunan wanda ya cece shi.

Wannan kashi na farko kusan kowa ya yarda da shi. Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times ya ba fim ɗin tauraro uku cikin huɗu, David Denby na mujallar The New Yorker kuma ya yi masa yabo mai yawa. Abin da ya ja hankalin masu yabo shi ne tambayar da finafinan gwarazan sama suka daɗe suna kauce mata: idan gwarzo ya rushe gini yana ceton rai, wa zai biya? A tuna cewa a wannan bazarar ce Iron Man ya fito a watan Mayu, The Dark Knight kuma ya biyo bayan Hancock da makonni biyu, kuma dukansu biyun sun samo jarumansu daga mujallun zane da aka sani shekaru da dama. Hancock bai da irin wannan gado, don haka aka sa masa rai cewa zai faɗi wani abu sabo.

Akwai wata fitowa da nake so ku riƙe. Bisa shawarar Ray, Hancock ya miƙa kansa ga hukuma aka tura shi gidan yari, inda babu katanga ko ƙarfen da zai iya tsare shi. Wata rana ƙwallon kwando ta tsallake shinge, ya yi tsalle ya faɗa waje ya ɗauko ta, ya tsaya yana duban hanya a buɗe a gabansa, sannan ya juya ya koma ciki da kansa. A ganina nan ne fim ɗin ya kai ƙololuwarsa, domin mutumin da babu mai iya tilasta masa ya zaɓi ya zauna ƙarƙashin hukunci. Hausawa na cewa hali zanen dutse ne, ga kuma labari yana ƙoƙarin nuna mana dutsen yana gogewa a hankali, da zama a da'irar fursunoni inda kullum yake ƙin buɗe baki, har ranar da ya furta 'yan kalmomi kaɗan.

Daga nan sai labari ya juya. Aka bayyana cewa Mary, matar Ray, ita ma tana da irin ƙarfin Hancock, cewa su biyun an halicce su ne a matsayin ma'aurata shekaru dubbai da suka wuce, kuma duk lokacin da suka kusanci juna ƙarfinsu yana raguwa su zama kamar kowa. Aka kuma gaya mana cewa kimanin shekara 80 baya an kai masa hari a Miami, ya farka a asibiti ba ya tuna komai, ba wanda ya zo nemansa. A nan yawancin masu sharhi suka juya wa fim ɗin baya, suna cewa finafinai biyu ne aka ɗinke wuri guda, na farko na raha mai cizo, na biyu na soyayya da almara, kuma zaren ɗinkin a fili yake.

Tarihin rubutun ya ba su gaskiya. Vy Vincent Ngo ya rubuta labarin tun 1996 da wani suna daban, cikin yanayi mai duhu ƙwarai, ya shafe sama da shekara goma yana yawo a Hollywood, masu ba da umarni irin su Michael Mann da Jonathan Mostow suka ɗauka suka ajiye, Vince Gilligan kuma ya sake rubuta shi. Bayan an gama ɗauka, hukumar tantance finafinai ta sa shi a matakin manya, sai aka yi ta datsewa har ya sauko matakin da matasa za su iya shiga, ya tsaya a minti 92. Hannaye da yawa sun shiga tukunyar.

Sai dai ni ina ganin masu sharhi sun gano ciwo amma ba su kai ga tushensa ba. Sauya yanayi daga dariya zuwa kuka ba laifi ba ne, labarai masu kyau suna yin haka. Illar ita ce kashi na biyu ya wanke jarumin daga laifinsa. A farko an nuna mana mutum mai shaye-shaye da girman kai wanda dole ya nemi gafara, daga baya kuma aka ce mana ai duk wannan ya samo asali ne daga mantuwa da kaɗaici da wata ƙaddara da aka rubuta masa tun fil azal. Da zarar aibinsa ya koma abin da aka yi masa, tubansa ya rasa nauyi, komawarsa bayan shinge da ƙwallo a hannu ta zama kamar ba ta da alaƙa da inda labarin ya dosa. An yi tufka an kuma warware. Abin ya fi damuna a batun Miami, domin baƙar fata ne tare da farar mace, wato Mary, a kudancin ƙasar Amurka a zamanin dokokin wariyar launin fata, kuma fim ɗin ya taɓo wannan ya wuce ba tare da ya kira shi da sunansa ba, alhali a nan ne fushin Hancock zai iya samun tushe na gaskiya wanda ba zai ɗauke masa alhakin abin da ya aikata ba.

To me ya sa jama'a suka yi cincirindo? Amsar farko Will Smith ne, domin wannan shi ne fim ɗinsa na takwas a jere da ya haura dala miliyan 100 a Amurka kaɗai, kuma an sake shi a makon hutun 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, lokacin da iyalai ke tururuwa zuwa silima. Amma ba na so mu raina 'yan kallo mu ce suna kawai suka bi. Smith ya yi wasan da ya sa mutum ke ganin kunya a bayan fitsarar Hancock tun kafin labari ya yi bayani, musamman inda ya tsaya gaban 'yan jarida yana karanta neman afuwa daga takardar da Ray ya rubuta masa, muryarsa tana nuna cewa kalmomin sun fara shigarsa. Mai sharhi yana auna ginin labari daga tushe har rufi, ɗan kallo kuwa sau da yawa mutum yake bi, idan ya yarda da shi zai raka shi ko da hanyar ta karkace.

A ƙarshen fim ɗin Hancock ya nisanci Mary domin ta rayu, ya koma New York, ya kuma zana tambarin aikin jinƙai na Ray a jikin wata. Sadaukarwa ce babba, ban musa ba, amma Mary ya yi wa ita. Mutanen Los Angeles da aka farfasa wa motoci, waɗanda da ƙorafinsu aka buɗe labarin, tun daga tafin da suka yi masa a ƙofar wani banki, inda ya murƙushe 'yan fashi bayan an fito da shi daga gidan yari, ba a sake waiwayarsu ba. Na gode da sauraro, yanzu kuma sai tambayoyinku.