Ga-ruwa Biyu, Burtsatse Ɗaya: Saita Usenet da Madadin Kallo a Sabar Gida

[A allo: ƙaramar kwamfuta a kan kanta, gefenta rauta da batirin sola]

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Wannan 'yar akwatin da kuke gani ita ce sabar gidana a nan Badariya, cikin Birnin Kebbi. A cikinta bidiyon bikin ƙannena yake, da karatun da muka naɗa a masallacin unguwa da izinin malam, da darussan yara. Kowa a gidan nan da wayarsa yake kallo ta waifai, ba a taɓa data ko ta sisi.

Da wani kuskure nawa zan fara, don kada wani ya maimaita shi. Lokacin da na fara harkar Usenet, kamfani biyu na biya, ina ganin in ɗaya ya gaza ɗayan zai tare. Ranar da wani babban fayil ya ƙi cika, na duba, sai na tarar gutsattsarin da suka ɓace a na farko su ne dai suka ɓace a na biyu. Ashe ga-ruwa biyu na ɗauka, amma burtsatse ɗaya suke ɗiba. Ranar da burtsatsen ya tsaya, kowa da kurarsa wayam ya dawo.

[A allo: zanen fayil yana tsinkewa ƙanana ƙanana]

Usenet ta girmi shafukan intanet da muka sani. A 1979 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka ƙirƙiro ta don musayar saƙonni tsakanin kwamfutoci. Zauruka ne na hira, kowane da sunansa, kuma duk saƙon da aka aika wa saba ɗaya sai ta miƙa wa maƙwabciyarta, har ya zagaye. Don rubutu aka gina ta. Daga baya mutane suka gano hanyar mayar da fayil ya zama rubutu su aika, kuma wadda aka fi amfani da ita yau sunanta yEnc.

To amma saƙo ɗaya ba ya ɗaukar babban kaya. Ku ɗauka buhun shinkafa ne daga Argungu, aka ce ba mai shiga mota sai a ƙulle a leda. Kowane ƙulli bai kai megabait ɗaya ba, galibi wajen kilobait 700 ne. Fayil mai gigabait 4 ke nan zai tashi ƙulli kusan 6000, kowane da lambarsa. Takardar da ke ɗauke da jerin lambobin nan ita ake kira NZB. Babu kaya a cikinta ko kaɗan, jeri ne kawai. Kamfanin da kuke biya shi ne mai sito, wurinsa ƙullin suke. Shafin da ke ba ku takardar NZB kuwa dillali ne: ya san abin da ke sito da inda aka aje shi, amma ba shi da ko ƙwaya.

Kafin mu taɓa saiti, akwai maganar da ba zan tsallake ba. Mafi yawan abin da ke yawo a ɓangaren fayiloli na Usenet kayan mutane ne da aka ɗora ba da saninsu ba. Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kuma ko babu doka, mun ga yadda satar fasaha ta durƙusar da masu shirya fina-finan Hausa tun zamanin faifan CD. Mutum ya ci bashi ya yi aiki, wani ya kwashe a banza, wannan hakki ne. Ni abin da nake saukewa manhajojin Linux ne, da tsofaffin ayyukan da haƙƙinsu ya ƙare, da waɗanda masu su suka saki kyauta. In an cire abu daga sito saboda mai shi ya kai ƙara, ku bar shi. Madadin da zan koya muku na gazawar na'ura ne.

[A allo: shafin saitin SABnzbd]

Manhajar da ke karɓar takarda ta je sito ta kwaso ƙullin, biyu ne suka yi suna: SABnzbd da NZBGet. Ta farko a ƙofa ta 8080 take buɗewa a birawuza, wato lambar da ake rubutawa bayan adireshin saba, ta biyu a 6789. Ni SABnzbd na riƙe. In kwamfutarku mai rauni ce ƙwarai, NZBGet ta fi sauƙin nauyi.

Ku shiga wurin ƙara saba. Adireshi, suna, kalmar sirri, duk kamfanin zai ba ku. Ƙofa kuwa ku sa 563, ku kunna SSL, mai ɓoye abin da ake aikawa. Akwai tsohuwar ƙofa, 119, amma ita a buɗe take aika komai har da kalmar sirrinku. In kamfanin yana da adireshin Turai da na Amurka, ku ɗauki na Turai. Wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas can suka fi nufa, kuma manyan sitocin Usenet da yawa a ƙasar Holan suke.

Sai yawan layuka, wato hanyoyin da manhajar ke buɗewa zuwa sito a lokaci ɗaya. Kamfani zai ce ya ba ku hamsin, wani ma ɗari. Kada wannan ya ruɗe ku. A kan rautar 4G irin tawa, in na buɗe hamsin gaba ɗaya sai rautar ta shaƙe, wayoyin mutanen gida su daina buɗe komai. Ku fara da takwas, ku duba gudun, ku ƙara huɗu, ku sake dubawa. Inda gudun ya daina ƙaruwa, nan ne iyakarku. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu ga inda na yi asara. Sunayen kamfanonin Usenet suna da yawa, amma masu ainihin sito 'yan kaɗan ne. Sauran 'yan sari ne, suna sayar da hanyar shiga siton wani da sunansu. Kafin ku biya na biyu, ku bincika ku tabbata sitonsa dabam ne da na farkon. Masu harkar suna da jadawalin da ke nuna wane suna ke ƙarƙashin wane sito, kuma yana canzawa saboda ana sayen kamfanoni, don haka ku nemi na kwanan nan.

Na biyun kuma ba sai na wata-wata ba. Akwai asusun awo: ku sayi gigabait 500, misali, ku riƙa ci a hankali, kuma a wurare da yawa ba ya ƙarewa da lokaci sai kun cinye. Tunda da dala ko yuro ake biya, wannan ya fi wa aljihunmu. Sirrin yana wannan akwatin na daraja da nake nunawa. Babban kamfani ku ba shi 0, na awo ku ba shi 1. Ƙaramar lamba ita ce gaba. Manhajar za ta fara tambayar na 0 kowane ƙulli. In ya amsa da lamba 430, wato babu wannan saƙon a wurinsa, sannan ne kawai za ta juya ga na 1. In kuka ba su lamba ɗaya, tare za su riƙa ɗiba, kafin sati ku ga awonku ya ƙare a kan abin da na farko yake da shi.

Ku kuma duba tsawon ajiya. Manyan sitoci suna tallan fiye da kwana 5000, ƙanana ba su kai haka ba. Tsohon abu sai tsohon sito.

[A allo: layin saukewa ya tsaya, rubutun gyara ya fito]

In duka biyun suka rasa wasu ƙulli fa? Kun san gyaran da mai awo ke ƙara muku a kasuwa bayan ya cika mudu. Masu ɗora fayil ma suna ƙara irinsa, sunansa PAR2, kuma gyara yake yi da gaske. Lissafi ne da ake kira Reed-Solomon: in ɓangare ashirin suka lalace, kuna da ɓangaren gyara ashirin ko fiye, manhajar za ta sake gina abin da ya ɓace daidai, ko daga ina ya ɓace. In gyaran bai kai ba, babu dabara. Shi ya sa nake kunna zaɓin da ke soke aikin da ba zai cika ba. A ƙasar da ake sayen data da awo, ba daidai ba ne a sauke gigabait tara sannan a gane na goman babu shi. A nan kuma za ku iya sa iyakar abin da za ta sauke a wata, ku tsara mata lokaci ta tashi aiki da tsakar dare in kuna sayen datar dare mai rahusa. Ku bar fili a ma'ajiya ninki biyu na girman fayil, saboda kwance ƙunshin yana buƙatar wuri.

Dillalai ba za su ɗauke mu lokaci ba. Kusan duka yare ɗaya suke ji, Newznab. Za su ba ku adireshi da makullin API. Makullin nan kamar lambar sirrin ATM yake, kada ya fito a hoton da za ku tura wa wani. Ku sa Prowlarr, manhajar da ke haɗa dillalai wuri ɗaya, ƙofa ta 9696, ku zuba dillalai biyu ko uku a ciki, ita za ta raba su ga Sonarr da Radarr, manhajojin da ke nemo takarda su miƙa wa SABnzbd, ta farko don shirye-shirye masu zango, ta biyu don fina-finai. Kusan kowane dillali yana da iyakar tambaya a rana, musamman na kyauta. Ku rubuta iyakar a saitinsa, in ba haka ba manhajar za ta yi ta ƙwanƙwasa har a rufe muku ƙofa. Sannan ku tabbata zaɓin sake nema bayan gazawa a kunne yake. In aiki ya faɗi, Radarr za ta sa wannan takardar a jerin waɗanda ba a komawa, ta nemo wata.

[A allo: tsohuwar talabijin a falo, hoto yana tsayawa]

Fayil ya iso lafiya, amma Hajiya ta kunna a falo, hoto yana tsayawa yana tafiya. Nan ne mutanen gida ke yanke wa aikinku hukunci, don ba ruwansu da sito ko dillali.

Jellyfin nake amfani da ita wajen miƙa bidiyo daga saba zuwa waya da talabijin, kyauta ce, ƙofarta 8096. Duk lokacin da aka danna kallo, tana tambayar na'urar: kina gane wannan? In ta gane komai, sai a miƙa fayil yadda yake, saba ba ta yin aikin komai. In hoton ta gane amma mazubin ko sautin ne baƙo, misali sautin DTS a wayar da ba ta san shi ba, sai a canza wannan kaɗai, aiki ne mara nauyi. In hoton kansa ne ba ta gane ba, kamar HEVC a tsohuwar talabijin, dole saba ta sake niƙa bidiyon nan take da FFmpeg, daƙiƙa bayan daƙiƙa, yayin da ake kallo. Da babu gara ba daɗi, amma wannan niƙan shi ke dafa kwamfuta. A watan Afrilu, da zafin Kebbi ya haura digiri 40, kwamfutar da ke niƙa da ƙarfin furosesa kaɗai za ta yi zafi ta rage gudu da kanta, hoto ya fara tsayawa.

Maganin farko, ku kunna taimakon na'ura. Ƙananan kwamfutoci masu Intel N100 suna da Quick Sync, wani sashe da aka gina don wannan aikin kaɗai, kuma wutar da suke ja kaɗan ce, batirin sola yana riƙe su dare guda. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 5 ba ta da irin wannan sashen na niƙa, don haka ban ba da shawararta ga gidan da ke da na'urori iri-iri ba. Ku kuma lura da rubutun fassara. Na SRT rubutu ne zalla, kusan kowace na'ura tana nuna shi. Na PGS hoto ne, kuma na'urar da ba ta san shi ba za ta tilasta wa saba ta ƙone shi cikin bidiyon, wato niƙa ke nan daga farko har ƙarshe.

Magani na biyu shi na fi so, don ba ya dogara da sa'a. Duk bidiyon da ake yawan kallo a gidan nan, na yi masa kwafi mara nauyi da HandBrake: hoto H.264, sauti AAC, mazubi MP4, girma 480p. Da wuya a sami waya ko talabijin da za ta ƙi wannan haɗin. Ku sa shi a jaka ɗaya da na asali, sunan fayil ya fara da sunan jakar, sai tazara, ɗan layi, tazara, sai 480p. Jellyfin za ta haɗa su wuri ɗaya, mai kallo ya zaɓa. Ga ɗan'uwan da ke kallo daga Jega ko Yawuri da datarsa, bambancin babba ne. Bidiyo mai megabit 8 a daƙiƙa yana cin gigabait 3.6 a awa ɗaya. Mai megabit 1 bai kai rabin gigabait ba.

Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi rauni a Afirka ta Yamma, bankuna ma sun ji a jika. A irin wannan ranar babu mai sito ko dillalin da zai amsa muku da daɗi. Abin da ke cikin ma'ajiyar gida kuwa yana nan, muddin rauta da saba suna da wuta. Shi ya sa su biyun na fara ɗaurawa a kan inbata kafin fanka. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata kundin bayanan manhajojin nan, don haka ku kunna ajiyar kwafin saitinsu, ku kuma shiga BIOS, wato saitin kwamfutar na tushe, ku sa kwamfutar ta tashi da kanta in wuta ta dawo.

[A allo: hannu yana cire alamar da ke gaban saba ta farko]

Yanzu mu gwada tare. Na kashe babban kamfani da gangan, na jefa ƙaramar takarda. Ku duba nan, lambar asusun awo ta fara motsi. Na mayar da shi, ta tsaya. Na kashe dillali ɗaya a Prowlarr, na yi nema, sakamako ya zo daga na biyu. Saura falo. Zan zare katin SIM daga rauta, in ɗauki rimot, in zaɓi 480p a kan bidiyon bikin. Ku zo mu gani.