Kafin Ka Sayar da Fistol Ɗinka a Amurka

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Maganar yau ta shafi ɗan'uwanmu mazaunin Amurka da ke da ƙaramar bindiga, wato fistol, kuma zuciyarsa ta fara raya masa ya rabu da ita. Wataƙila yara sun fara tasawa, ba durowar da ba sa buɗewa. Wataƙila kuma kuɗin haya ne ya sa shi gaba.

Ɗan'uwa, ɗauko ta ka duba jikinta. Ga wata lamba nan an sassaƙa a ƙarfen. Ranar da ka saye ta a shago ka cike fom mai lamba 4473, dillalin ya adana. Duk ranar da aka tsinci bindigar nan inda aka zubar da jini, hukumar ATF, wato hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, za ta bi lambar daga masana'anta zuwa shago, daga shago zuwa kanka. Ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, ko da shekara 5 ke nan da sayarwarka.

Dokar tarayya ta 1968 ta hana ka miƙa ta hannu da hannu ga mazaunin wata jiha, dole ta bi ta wurin dillali mai lasisi a jihar mai saye. Haramun ne kuma ka sayar wa yaron da bai kai 18 ba, ko wanda ka san kotu ta taɓa kama shi da babban laifi. In kuwa jiha ɗaya kuke da mai saye, kowace jiha da tsarinta. Teksas ba ta tilasta binciken mai saye tsakanin mutum da mutum, Kalifoniya kuma sai an je wurin dillali an jira kwana 10.

Ni dai ko a Teksas kake, ina roƙonka ka kai ta shago. Haƙiƙa za su karya maka farashi, abin da zafi. Amma a nan ne za a tura sunan mai saye cikin rumbun binciken FBI da ke aiki tun 1998, kai kuma ka fito da takardar shaida a hannu.

Saura abu ɗaya da ke damuna ƙwarai. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka, su ne suka harbe kansu. In akwai mai fama da baƙin ciki a gidanka, kada ka tsaya jiran farashi mai kyau. Kira ofishin 'yan sandan garinku yau, ka tambaye su yadda ake miƙa ta.