Wa Ke Leƙenka Ta Kyamarar Waya?

Assalamu alaikum jama'a. Ɗauki wayarka ka buɗe kyamara, ka duba can saman fuskar wayar. Ka ga ɗan ɗigon kore? Tun daga Android 12 na 2021, duk manhajar da ta kunna kyamara ko makirufo sai ya haska. A iPhone ma haka ne tun iOS 14 na 2020: kore na kyamara, ruwan lemo na makirufo. Idan saƙo kawai kake karantawa ka ga ya haska, to akwai magana.

Galibi ba wani gwanin kutse ne daga ƙetare ya fasa wayar ba. Kai ne ka buɗe masa ƙofa. GB WhatsApp ɗin da aboki ya tura maka ta Xender, ko manhajar bashi da aka jefo a guruf, ba su bi ta tantancewar Play Store ba, kuma ana iya cusa musu abin leƙen asiri. Da sun nemi izinin kyamara sai mutum ya danna amincewa ko karantawa bai yi ba. Manhajar tocila, me ya haɗa ta da kyamara?

Shiga saitin waya, sashen sirri, wajen izini, ka zaɓi kyamara. Duk wadda ba ta da hurumi, cire mata. Sauran ka bar su a kan "lokacin amfani kawai". A sashen sirrin ne kuma za ka ga waɗanda suka taɓa kyamara cikin awa 24. Leƙa sashen taimakon masu larura (Accessibility), domin nan manhajojin leƙe suka fi laɓewa. Izininsa kan ba su damar ganin duk abin da ke fuskar waya. Idan ka ga manhajar da ba ka sani ba a wurin, kashe ta ka goge. Play Protect kuma, mai binciken manhajoji a cikin Play Store, ya zauna a kunne.

Sai batun ba wani wayarka a hannu. Mai canjin batir ko bakin caji ba ya buƙatar lambar buɗe wayarka. Idan gyaran sai an gwada, tsaya a wurin. Haka wajen masu cajin waya: kulle ta kafin ka miƙa.

'Yan kasuwa masu kyamarar tsaro a shago, a Babbar Kasuwar Katsina ne ko wajen Ƙofar Ƙaura, ku saurara. Da yawa daga cikin na'urorin nan suna zuwa da kalmar sirri ta kamfani, irin su admin ko 12345. A 2016 wata cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kama dubban kyamarori da jerin irin waɗannan kalmomi kimanin 60. Wanda ya haɗa maka, sa shi ya nuna maka inda ake canjawa, bayan ya tafi ka sa taka. Kuma kada a juya kyamara mai intanet ta kalli tsakar gida inda iyali suke.

Kwamfutar cinya kuwa, ɗan baƙin salatif a kan kyamarar ya wadatar. Sai dai fa makirufo yana nan yana ji.